Tsimammiyar Jar Giyar Inabi ta Italiya: Yadda Ake Yin Ta da Abin da Take Yi wa Jiki

Akwai saƙon da ke yawo a WhatsApp da Facebook wanda ke cewa kofi ɗaya na jar giyar inabi a kullum yana wanke zuciya, yana ƙara jini, yana kuma tsawaita rai, musamman idan tsohuwa ce mai tsada da aka kawo daga Italiya. Mafi yawan masu karatunmu ba sa shan giya saboda addini, amma duk da haka tambayar tana zuwa gaban likitoci. Wani mai hawan jini ne da aboki ya ba shi shawarar ya gwada. Wata kuma mijinta ne ke sha a ɓoye yana cewa magani ne. Wani ɗalibi ne ko ma'aikaci a Turai da ake ajiye masa kofi a gabansa a duk wata liyafa.

Amsar a taƙaice ita ce: jar giyar inabi barasa ce, komai tsufanta da tsadarta, kuma likitoci ba sa ba wa kowa shawarar ya fara shan ta don neman lafiya. Wannan bayani zai nuna irin giyar da ake magana a kai, inda maganar amfaninta ta samo asali, abin da bincike ya gano, da kuma abin da ya kamata majinyaci da iyalinsa su sani.

Wace irin giya ce wannan?

Italiya tana cikin ƙasashe biyu ko uku da suka fi kowa samar da giyar inabi a duniya, kuma da yawa daga cikin gonakin inabinta na gado ne, iyali ɗaya ke riƙe da su kaka da kakanni. Misalin da ya fi shahara shi ne giyar da ake kira Brunello di Montalcino. Ana yin ta ne a kewayen garin Montalcino da ke yankin Tuskani, kimanin kilomita 40 kudu da birnin Siena, kuma da nau'in inabi guda ɗaya kawai mai suna Sangiovese. Tarihinta yana haɗe da iyalin Biondi-Santi da gonarsu ta Greppo, inda Ferruccio Biondi-Santi ya ɗura ta a kwalba daga girbin shekarar 1888. A 1980 ta shiga sahun farko na giyar da gwamnatin Italiya ta ba wa babban lasisin inganci na DOCG.

Wannan lasisi yana da sharuɗɗa masu tsauri. Dole giyar ta yi aƙalla shekara 2 a cikin gangar katako, sannan wata 4 a kwalba, kuma ba a fitar da ita kasuwa sai ranar 1 ga Janairu na shekara ta biyar bayan girbi. Wato inabin da aka girbe a 2019 sai a 2024 ya isa hannun mai saye. Wadda aka rubuta wa Riserva kuwa sai ta ƙara shekara guda.

Akwai wasu irinta. Barolo daga yankin Piemonte take, da inabin Nebbiolo ake yin ta, kuma sai ta yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar katako. Amarone kuma daga wajen birnin Verona take fitowa. Ita sai an shanya inabin na wata uku zuwa huɗu ya yi yaushi kafin a matse shi, shi ya sa barasarta ta fi ta sauran ƙarfi.

Abin lura shi ne lasisin DOCG yana tabbatar da wurin da aka yi giya da yadda aka yi ta ne kawai. Ba shaidar amfani ga lafiya ba ne.

Yadda ake yin ta, da abin da tsimawa ke canzawa

Ana girbe inabin a watan Satumba zuwa Oktoba, a murƙushe shi, a bar ruwan tare da ɓawon da 'ya'yan a cikin babbar randa ko tanki. Ƙwayoyin yis suna cinye sukarin da ke cikin ruwan, su mayar da shi barasa, wato sinadarin itanol. Ruwan inabin kansa ba ja ba ne. Launin yana fitowa ne daga ɓawon, tare da wani sinadari mai suna tanin wanda ke kawo bauri a baki irin na goro.

Bayan makonni biyu zuwa huɗu ana tace ruwan a zuba a manyan gangunan itacen ok. A tsawon shekarun da za ta yi a ganga da kwalba, sinadaran tanin da na launi suna harhaɗuwa da juna. Baurin yana raguwa, launin yana komawa kamar na jan bulo, ƙamshin yana sauyawa, wani gari-gari kuma yana kwanciya a gindin kwalba. Wannan shi ne abin da masu saye ke biyan kuɗi mai yawa a kansa.

Abin da tsimawa ba ta canzawa shi ne yawan barasar. Kwalbar da ta shekara 20 a ajiye tana ɗauke da itanol kusan daidai da ranar da aka toshe ta, kuma hanta ba ta bambance itanol ɗin kwalba mai tsada da na burukutu ko ogogoro. Sinadari ɗaya ne.

Me ke cikin kofi ɗaya?

Doka ta ce barasar Brunello kada ta gaza kashi 12.5 cikin 100, amma mafi yawan waɗanda ke kasuwa yanzu suna kai kashi 14 ko fiye. Amarone tana kai kashi 15 zuwa 16. Idan muka ɗauki mai kashi 14, ga lissafin:

- Kofi mai cin mililita 150 yana ɗauke da itanol kimanin giram 17, da kalori wajen 120.
- Kwalba guda mai mililita 750 tana ɗauke da kimanin giram 83, da kalori wajen 600.
- Babbar kwalbar biya mai mililita 600 da ƙarfin kashi 5 tana da giram 24. Ke nan kwalbar jar giya ɗaya ta kai biya uku da rabi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar shan giram 60 ko fiye a zama ɗaya a matsayin shan da ya wuce kima. Wanda ya shanye kwalba ɗaya a dare guda ya riga ya zarce wannan iyaka, ko da bai ji ya bugu ba.

Sauran abin da ke cikin kofin galibi ruwa ne, sai ɗan tsami, ɗan sukari, da sinadaran tsirrai da ake kira folifinol. A cikin waɗannan ne ake samun resberatirol, wanda aka fi yi wa talla. Yawansa a jar giya bai wuce miligiram ƙalilan a lita guda ba.

Me ke faruwa a jiki bayan an sha?

Itanol yana shiga jini ta ciki da ƙaramin hanji, kuma yana isa ƙwaƙwalwa cikin mintuna kaɗan. Ya fi saurin shiga idan babu abinci a ciki. Hanta ce ke sarrafa fiye da kashi 90 cikin 100 nasa. Da farko tana mayar da shi wani sinadari mai guba da ake kira asetaldehaid, daga nan ta mayar da wannan zuwa wani mara guba da jiki ke iya ƙonawa. Hantar baligi tana iya sarrafa kimanin giram 7 zuwa 10 ne kawai a awa guda, don haka kofi ɗaya yana ɗaukar wajen awa biyu kafin ya bar jini. Shan kofi mai ƙarfi, wanka da ruwan sanyi ko motsa jiki ba sa hanzarta wannan aiki.

Asetaldehaid yana lalata ƙwayoyin halittar jiki, yana kuma hana su gyara kansu. Wannan ita ce babbar hanyar da barasa ke jawo ciwon daji. Mata sun fi saurin cutuwa, domin yawan ruwan da ke jikinsu bai kai na maza ba, don haka kofi ɗaya yana ɗaga barasar jininsu fiye da na namiji mai nauyi ɗaya da su. Haka ma tsofaffi.

Daga ina maganar amfani ga zuciya ta fito?

Ɗaukar giyar inabi a matsayin magani tsohon abu ne a Turai. A ƙarshen ƙarni na 19 masu haɗa magunguna a Piemonte suna jiƙa ɓawon itacen kwini a cikin Barolo suna sayarwa a matsayin maganin zazzaɓi da rashin cin abinci.

Amma maganar zamani ta samo asali ne daga Faransa. A watan Nuwamba na 1991, shirin talabijin na Amurka mai suna 60 Minutes ya yi hira da wani mai bincike Bafaranshe, Serge Renaud, wanda ya ce Faransawa suna cin kitse da cuku da yawa amma ciwon zuciya bai kashe su kamar Amurkawa, kuma yana ganin jar giya ce dalili. A shekarar da ta biyo baya ya wallafa wannan ra'ayi a mujallar likitoci ta Lancet. Cinikin jar giya a Amurka ya yi tashin gwauron zabo. Bincike da dama na lokacin ma sun nuna kamar masu shan kofi ɗaya ko biyu a rana sun fi waɗanda ba sa sha sam tsawon rai.

Daga baya masana suka gano manyan kurakurai a irin waɗancan bincike:

- A rukunin "marasa sha" an haɗa da mutanen da suka daina sha saboda rashin lafiya. Ciwon da ya sa suka daina shi ne ke kashe su da wuri, sai ya zama kamar rashin shan ne ya cutar da su.
- Masu shan jar giya a teburin abinci a Turai da Amurka galibi masu hali ne. Suna cin abinci mai kyau, suna ganin likita a kan lokaci, kuma ba su cika shan taba ba.
- Mutanen Italiya da sauran ƙasashen gaɓar Bahar Rum suna cin ganyaye, wake, kifi, 'ya'yan itace da man zaitun da yawa. Wannan abinci shi kaɗai yana kare zuciya ko babu giya.

Me binciken baya-bayan nan ya nuna?

Ɗaya daga cikin bincike mafi muhimmanci a kan wannan batu an yi shi ne a Tuskani ɗin kanta. Masu bincike sun bi mutum 783 masu shekara 65 zuwa sama a yankin Chianti na tsawon shekara 9, suna auna yawan resberatirol a fitsarinsu. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa waɗanda suka fi samun sinadarin ba su fi sauran tsawon rai ba, kuma ba su fi su tsira daga ciwon zuciya ko ciwon daji ba. Yawan resberatirol ɗin da aka ba wa ɓeraye a ɗakin gwaji har aka ga wani amfani, sai mutum ya sha ɗaruruwan kofuna a rana kafin ya samu kwatankwacinsa.

A 2019 wani bincike da aka yi a kan mutum kimanin 500,000 a ƙasar Sin ya nuna cewa hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suna ƙaruwa daidai da ƙaruwar shan barasa, ba tare da wani mataki da ke ba da kariya ba. A 2023 kuma aka sake tace sakamakon bincike 107 da suka shafi mutum fiye da miliyan 4.8. Da aka gyara kurakuran da muka ambata, sai fifikon da ake cewa masu shan kaɗan suna da shi ya ɓace.

Saboda irin waɗannan hujjoji, Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa barasa ba ta da amfani ga zuciya. A watan Janairu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya. Rahoton hukumar na 2024 ya nuna cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya a shekarar 2019.

Wasu ƙasashe suna da ma'auni ga masu sha. Birtaniya, misali, ta ce kada a wuce abin da ya kai kwalba ɗaya da sulusi na irin wannan giya a mako. Wannan ma'auni na rage haɗari ne ga wanda ya riga ya saba sha. Ba a yi shi don a gayyaci wanda ba ya sha ba.

Illolinta ga jiki

*Ciwon daji.* Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta saka barasa a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke jawo ciwon daji, rukunin da taba take. Tana jawo aƙalla iri bakwai: na baki, maƙogwaro, maƙoshin murya, hanyar abinci, hanta, babban hanji da dubura, da sankarar mama. Hukumar ta ƙiyasta cewa sababbin masu ciwon daji kimanin 740,000 a 2020 barasa ce sanadi. Haɗarin sankarar mama yana fara ƙaruwa ko da kofi ɗaya ne a rana. Wanda ya haɗa giya da taba kuwa, haɗarin ciwon dajin baki da maƙogwaro yana ninkuwa a kansa.

*Hanta.* Cutar tana tafiya mataki-mataki: kitse ya taru a hanta, sai kumburi, sai hantar ta ƙandare ta daina aiki. Matakin farko yana warkewa idan aka daina sha, amma na ƙarshe ba ya komawa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na baligai a Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, kuma da yawa ba su sani ba. Ga mai wannan ƙwayar cuta, barasa tana hanzarta ƙandarewar hanta da ciwon dajinta.

*Zuciya da jijiyoyin jini.* Barasa tana ɗaga hawan jini, tana kuma rage tasirin maganinsa. Tana jawo rikicewar bugun zuciya wanda ke iya haifar da gudan jini da shanyewar ɓarin jiki. Shan shekaru da yawa yana raunana tsokar zuciya har ta kasa tura jini.

*Ciwon suga.* Lokacin da hanta ke fama da barasa, ba ta iya sakin suga cikin jini yadda ta saba. Mai amfani da allurar insulin ko ƙwayar glibenclamide zai iya samun faɗuwar suga mai tsanani cikin dare ko da asuba, kuma mutanen gida su ɗauka maye ne kawai.

*Ciki.* Tana tayar da ƙwannafi da gyambon ciki, tana kuma jawo kumburin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, wanda ke zuwa da matsanancin ciwon ciki mai ratsawa zuwa baya.

*Ƙwaƙwalwa da barci.* Tana sa barci ya zo da wuri, amma tana lalata rabinsa na biyu, mutum ya tashi a gajiye. Tana tsananta ciwon damuwa, tana rage saurin tunani a tuƙi, tana kuma rage ƙarfin namiji.

Matsalolin da suka fi shafar jar giya da tsofaffin kwalabe

Jar giya ta fi farar giya da biya kawo ciwon kai, wani lokaci cikin rabin awa bayan kofi ɗaya, kuma tana tayar da ciwon ɓarin kai ga masu shi. Tana ɗauke da sinadarin histamin wanda ke sa wasu toshewar hanci, jan fuska da ƙaiƙayi.

Ana kuma saka mata sinadarin salfait don kada ta lalace. Idan ka ga an rubuta contiene solfiti a jikin kwalbar Italiya, abin da ake nufi ke nan. Yawancin mutane ba ya damunsu, amma yana iya tayar da asma ga wasu masu ita.

Kwalaben da aka toshe kafin tsakiyar shekarun 1990 suna iya kasancewa da naɗin dalma a bakinsu, domin sai a lokacin Turai da Amurka suka hana amfani da shi. Haka kuma ajiye giya na kwanaki a tulun gilashi mai dalma yana sa gubar ta narke cikinta.

Babban haɗari kuma shi ne jabu. Duk abin da ya yi tsada, 'yan damfara suna kwaikwayonsa. A Italiya kanta, a 1986, wasu sun zuba sinadarin metanol a giya mai araha don ƙara mata ƙarfi, kimanin mutum 20 suka mutu, wasu kuma suka makance. A Nijeriya ma gubar metanol a cikin ogogoro ta kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas a 2015, kuma hukumar NAFDAC ta sha kama masu ɗura giyar jabu a kwalaben da ke ɗauke da sunayen ƙasashen waje. Alamomin gubar metanol ba sa bayyana sai bayan awa 12 zuwa 24: gani dishi-dishi, ciwon ciki, amai, numfashi da sauri. Wannan gaggawa ce, a tafi asibiti nan take tare da kwalbar.

Waɗanda bai kamata su sha ko kurɓi ɗaya ba

- Mace mai juna biyu ko mai neman ɗaukar ciki. Barasa tana ratsa mahaifa, tana iya jawo ɓari ko lahani na dindindin a ƙwaƙwalwa da fuskar jariri. Babu watan da ba ta da haɗari.
- Yara da matasa.
- Masu kowace irin cutar hanta, ko kumburin fankiriyas, ko gyambon ciki.
- Masu farfaɗiya, raunin zuciya, rikicewar bugun zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba.
- Masu cutar sikila, domin barasa tana busar da ruwan jiki, hakan kuma yana tayar da ciwon.
- Wanda ya taɓa fama da shaye-shaye ko yake jinyar lalurar ƙwaƙwalwa.
- Mai tuƙin mota ko babur, da mai aiki da inji.

Magungunan da ba sa haɗuwa da barasa

- Metronidazole, wato Flagyl: a guji barasa har kwana 2 bayan gama maganin.
- Farasitamol: haɗuwarsa da shan barasa a kai a kai yana lalata hanta.
- Asfirin, ibuprofen da diclofenac: suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki.
- Warfarin da sauran magungunan sirka jini.
- Magungunan tarin fuka, musamman isoniazid, da wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki.
- Insulin, glibenclamide da metformin.
- Tramadol, kodin, diazepam da Piriton: tare da barasa suna kawo barci mai nauyi, wasunsu har su tsayar da numfashi.

Ka faɗa wa likita ko mai ba da magani gaskiyar abin da kake sha. Sirrinka amana ce a wurinsa, kuma ba zai iya zaɓa maka maganin da ya dace ba idan bai sani ba.

Tambayoyin da ake yawan yi

*Shin tana ƙara jini?* A'a. Jan launinta daga ɓawon inabi yake, ba shi da alaƙa da jini. Sinadarin tanin yana rage yadda hanji ke tsotse sinadarin ƙarfe daga abinci, yawan barasa kuma yana rage sinadarin folik da jiki ke buƙata wajen yin jini. Mai ƙarancin jini yana buƙatar gwaji don a gano dalili, sannan a ba shi maganin da ya dace.

*Idan an yi girki da ita, barasar tana ƙonewa?* Ba duka ba. A Italiya ana dafa nama da Barolo ko Chianti. Gwaji ya nuna cewa bayan minti 15 a kan wuta kimanin kashi 40 cikin 100 na barasar na nan, bayan awa ɗaya kashi 25, bayan awa biyu da rabi kashi 5. Wanda ke gujewa barasa saboda lafiya ko addini ya tambaya kafin ya ci a gidan abinci.

*Wadda aka rubuta ba ta da barasa fa?* Iri biyu ce. Akwai giyar da aka cire wa barasa bayan an gama yin ta, wadda dokar Turai ta yarda ta rage da abin da bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. Akwai kuma ruwan inabi mai gas da ake rabawa a bukukuwa, wanda ba a tsima shi ba. Shi wannan sukarinsa ya kai na lemon kwalba, don haka masu ciwon suga su kula. A karanta abin da ke jikin kwalba.

*Ta ina zan samu waɗannan sinadaran tsirrai ba tare da barasa ba?* Suna cikin 'ya'yan inabi, gyaɗa, shayi, albasa, wake da ganyaye. Zoɓo yana ɗauke da dangin sinadarin da ke ba jar giya launinta, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan rage hawan jini idan ba a cika masa sukari ba. Amma ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta. Abubuwan da aka tabbatar suna kare zuciya su ne barin taba, rage gishiri da dunƙulen miya, tafiyar ƙafa ta minti 30 aƙalla kwana biyar a mako, rage ƙiba, da shan maganin hawan jini kullum.

Ga iyalin mai sha

Tsadar kwalba tana iya ɓoye matsala, domin mai sha yakan ce shi ba mashayi ba ne, ɗanɗano kawai yake yi. Alamomin da ke nuna jiki ya fara dogaro da barasa sun haɗa da ƙara yawan abin da ake sha kafin a ji daidai, kasa tsayawa a kofi ɗaya, ɓoye kwalabe, sha da safe, rawar hannu da gumi idan ba a sha ba, da ci gaba da sha duk da gargaɗin likita.

Wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya daina rana ɗaya ba tare da kulawar likita ba. Alamomin janyewa suna farawa awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe. Jijjiga irin ta farfaɗiya tana iya zuwa a kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane kuma a kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma wannan yana iya kisa. Akwai magungunan da ke sa a daina lafiya. Ana samun wannan kulawa a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri. Ku yi masa magana lokacin da yake cikin hayyacinsa, a keɓe, ba tare da gori ko tonon asiri ba. Kunya ce ke hana mutane da yawa zuwa asibiti har sai hanta ta gama lalacewa.

Yaushe za a garzaya asibiti?

- Idan mutum ya sha ya kasa farkawa, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko jikinsa ya yi sanyi. A kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, kada a ɗura masa komai a baki, kada kuma a bar shi shi kaɗai.
- Aman jini ko baƙin bayan gida.
- Idanu sun zama rawaya, ko ciki da ƙafafu sun kumbura.
- Ciwon ƙirji, bugun zuciya da sauri, karkacewar baki ko mutuwar hannu da ƙafa.
- Jijjiga, ruɗewa, ko canjin gani bayan an sha.
- Yaro ya sha ko da kaɗan ne, domin sugansa yana iya faɗuwa da sauri.

Wanda ba ya sha, babu dalilin lafiya da zai sa ya fara. Wanda ke sha kuma, duk abin da ya rage riba ce ga jikinsa, dainawa gaba ɗaya ta fi. Ya kamata ya je a auna masa hawan jini, a duba lafiyar hantarsa, a kuma yi masa gwajin cutar hanta nau'in B da C.